Tambaya da Amsa: Sauka a Gidan Baƙi a Tsaunukan Jos da Mambila

Duk lokacin da zafin bazara ya matsa a Kano, wasiƙu kan yi yawa a kan tafiya hutu ƙasar tsaunuka. Yawancin masu tambayar ba babban otal suke nema ba. Ƙananan gidajen nan suke so, inda mai gida ke ware ɗakuna uku ko biyar ya sauki baƙi, kuɗin kwana ya haɗa da karin kumallo. Ga tambayoyin da muka zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai iyalina Jos kwana uku. Na ga hoton wani gida a waya, an ce in tura rabin kuɗi. Me ya kamata in tabbatar kafin in tura? *Wani magidanci, Gwale*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, ka riƙe a ranka cewa gidan mutum za ka sauka. Babu ma'aikacin da ke zaune a kanta dare da rana, babu wanda za ka buga wa waya ƙarfe biyun dare ya kawo maka bargo. Abin da ba ka tambaya da rana ba, haka za ka kwana babu shi.

Hoto ba shaida ba ne. Ka nemi a kira ka ta bidiyo a WhatsApp, mai wayar ya fara daga bakin titi, ya nuna maka ƙofar gidan, ya shiga da kai har ɗakin da za a ba ka, ya buɗe famfon banɗaki kana kallo. Mai gidan gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Wanda ya fara ce maka ai ba ya gari, ko kyamararsa ta lalace, rabu da shi. In kana da ɗan'uwa ko abokin kasuwa a Jos, kuma da wuya Bakano ya rasa, ka roƙe shi ya leƙa da ƙafarsa. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kwana ɗaya, sunan da ke kan asusun kuma ya dace da na gidan ko na mai gidan. A rubuta maka a saƙo: ranar shiga, ranar fita, ɗaki nawa, mutum nawa aka lissafa a karin kumallo. Wannan na ƙarshe shi ne yake yawan jawo musu, domin gidaje da dama mutum biyu suke lissafawa a ɗaki, yara kuma sai an ƙara kuɗi.

Sannan tambayoyin da Bakano ba ya tunawa saboda a gida ba ya bukatarsu. Da me ake dumama ruwan wanka, hita ce a bango ko a tukunya ake dafawa a kawo a bokiti? In hita ce, tana aiki da janareto ko sai an kawo wuta? Bargo nawa ne a kan gado, kuma akwai ƙari? Ƙarfe nawa ake kashe janareto? Mota a cikin gida take kwana ko a waje? Fanka da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda su muke fara tambaya a Kano, a can su ne na ƙarshe.

Maganar unguwa kuma, ba a ɓoye take ba. Jos ta ga rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, kuma tun daga nan zaman unguwanni ya rarrabu. Ka tambayi mazaunin garin wace unguwa ce gidan yake, kuma yaya ake ciki a makon da za ka tafi. Hanyar da aka fi bi daga Kano, ta Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Saminaka, da rana ake ratsa ta. Ka tashi bayan sallar asuba, ka isa da sauran rana.

Tambaya: Mu da muka saba da hunturun Kano, sanyin can zai fi namu ne? Yarana uku, ƙaramin shekararsa biyu. Wane kaya zan ɗauka? *Wata uwa, Tarauni*

Amsa: Hajiya, lissafin mai sauƙi ne. Duk hawan mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Kano tana kan tudun da bai kai mita 500 ba daga doron teku. Jos ta kai kimanin mita 1,200, Tsaunin Mambila a jihar Taraba kuma kimanin mita 1,600. Ke nan Jos ta fi Kano sanyi da wajen digiri 5, Mambila da wajen 7. A Disamba da Janairu, dare a Jos yakan sauka ƙasa da digiri 10.

Amma ba lambar ce take kayar da baƙo ba, danshi ne. Sanyin Kano busasshe ne, rana na fitowa ya tafi. A Mambila, musamman da damina, sanyin da laima yake zuwa: hazo ya sauko ya rufe gari, rana ta yini ba ta fito sosai ba, kayan da kika wanke ki shanya su kwana biyu ba su bushe ba. Don haka kada ki yi lissafin za ki yi wanki a can. Ki ɗauko wa kowane yaro kayan da za su ishe shi har dawowa, ki ƙara safa, domin ita ce take fara jiƙewa.

Riga uku marasa kauri sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya. Ta ciki mai kama jiki, suwaita a kai, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Iskar da ke tsakanin rigunan ita ce take riƙe ɗumi, kuma in rana ta ɗaga sai a cire ɗaya. Yaron da aka naɗe cikin jibgegiyar riga yana gudu zai yi gumi, gumin ya huce a jikinsa, daga nan sanyi ya kama shi. Ƙaramin ki sa masa hular sanyi mai rufe kunne, da safa ko a kan gado. Ki taho da bargonki ko da gidan sun ce suna da shi, da basilin, da filas babba, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba saboda santsin jar ƙasa.

Da kun shiga ɗaki, kafin a buɗe akwati, ki ɗaga zanin gado ki shafa katifar da bayan hannunki. In ta yi sanyi kamar an yayyafa mata ruwa, ko kika ji warin fumfuna, ki nemi a canza ɗaki ko a fitar da ita rana. Ki duba ɗinkin gefenta ma: ɗigon baƙi-baƙi a jere alamar kuɗin cizo ce. Gidan sauro kuma kada a bar shi a Kano don an ce gari mai sanyi ne. Sauro ya ragu a kan tudu amma bai ƙare ba, kuma a hanya za ku ratsa, wataƙila ma ku kwana, a garuruwan da ke ƙasa.

Tambaya: Mahaifiyata ba ta jure sanyi. A gida kaskon wuta take kwana da shi lokacin hunturu. Za mu iya tafiya da kaskon da ɗan gawayi mu riƙa sa mata a ɗaki? *Wani ɗalibi, Ƙofar Nasarawa*

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wannan ita ce tambayar da muka fi so a karanta amsarta da kyau.

Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monokzaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Gawayin da ya ruru ya daina hayaƙi, wanda mutane suke cewa ai yanzu ba komai, yana nan yana fitar da ita. Idan aka shaƙe ta, tana manne wa jini fiye da yadda iskar numfashi take mannewa sau sama da 200, sai jinin ya kasa kai iska ƙwaƙwalwa da zuciya. Farko ciwon kai, sai jiri, tashin zuciya, kasala. Wanda yake farke zai iya gane wani abu ya same shi. Wanda yake barci daga barcin yake wucewa.

Za ka ce ai Hajiya ta shekara tana yi a gida ba abin da ya faru. Allah ne ya kiyaye, kuma ɗakunanmu na cikin gari da yawa suna shan iska ta ƙasan ƙofa da tagar da ba ta rufuwa ruf. Ɗakin da aka gina a gari mai sanyi don ya riƙe ɗumi aka gina shi: taga mai gilashi, labule mai kauri, wani lokaci har tsumma ake cusawa a ƙasan ƙofa. Abin da ya hana sanyi shiga shi ne zai hana gubar fita. Ko a gidan ma, ya kamata a daina kwana da kaskon.

Haka hukuncin yake ga risho, da murhun gas in aka kunna shi don ɗumama ɗaki, da janareto. Da kun isa, ka zagaya ka ga inda janareton gidan yake. Ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 6 daga taga ko ƙofa, bakin salansarsa yana kallon waje. In ka gan shi a baranda ko a lungun da ke jikin tagar ɗakinku, musamman in an shigo da shi saboda ruwan sama, ka yi magana nan take. In akwai murhun itace na jikin bango a falo, kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin gidajen Turawa na Jos, mai gida ne zai kunna, shi ya san ko bututun hayaƙin a buɗe yake ko tsuntsaye sun toshe shi da sheƙa.

Abin da za ku yi mata: bargo ɗaya a ƙasa a kan katifa, biyu a sama, domin sanyi ta ƙasa ma yana shiga. Ku sayi robar ruwan zafi a kemis, a zuba mata ruwa mai zafi amma ba tafasasshe ba, kashi biyu cikin uku, a matse iskar a ɗaure, a naɗe ta da tawul a sa cikin bargo minti 20 kafin ta kwanta. In tana da ciwon suga kada robar ta kwana a jikin ƙafarta, domin ƙafar na iya ƙonewa ba ta ji ba. Safa, hula, da shayi mai citta a filas kusa da gado.

In kuma aka wayi gari mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da jiri, kada a ce gajiyar hanya ce. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a tafi asibiti a faɗa musu an kwana kusa da wuta ko janareto.

Tambaya: Ina da ƙaramar mota otomatik, ina so in kai amarya Gembu. Motar za ta hau dutsen? *Wani ango, Hotoro*

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango. Motar da take da lafiya za ta hau. Saukowa ce take bukatar ilimi.

Tafiyar ba ta yini ɗaya ba ce. Daga Kano ana bi ta Gombe da Numan a kwana a Jalingo. Washegari a kama hanyar Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, a wuce Mayo Selbe a gindin dutsen. Daga nan hawan yake farawa, kwana bayan kwana, har a fito Maisamari, sai Nguroje, sai Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Ka cika tanki a Jalingo, ka sake cikawa duk inda ka samu mai kafin hawa. Ka riƙe tsabar kuɗi ma, don sabis yana ɗaukewa, in ya ɗauke kuwa taransifa da POS duk sun tsaya. Daga Nuwamba zuwa Maris hanyar ta fi daɗin bi. Da damina ruwan can yana da yawa, ga hazo, ga zaftarewar ƙasa.

Kafin ka bar Kano, bakanike ya duba maka abu huɗu: takalmin birki, man birki, lagireto da fankarsa, da tayoyi har da safaya. Man birki yana tsotsar laima a hankali. In ya shekara biyu ba a canza shi ba, ruwan da ke cikinsa zai sa ya tafasa da wuri in birki ya ɗau zafi. Tafasar tana haifar da kumfa a cikin bututu, sai ka taka birki ya tafi ƙasa babu abin da ya kama. Wannan shi ne abin da direbobi suke cewa birki ya shanye.

Maganinsa inji ya riƙe motar. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. A otomatik ka cire ta daga D ka sa ta a 2, in gangaren ya yi tsanani a L. Inji zai yi ƙara, ƙyale shi, aikinsa yake yi. Birki kuwa a taka shi da ɗan ƙarfi a rage gudu sannan a sake shi ya huce, ba a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa ba. Sakin mota a firi don a rage shan mai, al'adar wasu direbobin haya, a kan dutse ganganci ne. In ka ji ƙaurin ƙonewa ko birkin ya fara laushi, nemi fili ka tsaya rabin awa, kuma kada ka watsa wa ƙafafun ruwa, ƙarfen yana iya lanƙwashewa.

A hawa za ka ji motar ta yi nauyi. Ba lalacewa ta yi ba, iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, inji marar turbo (na'urar da ke ƙara tura wa inji iska) yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000. Kashe na'urar sanyi, idonka a kan allurar zafi. In ta haura, tsaya, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. Yi hon kafin kowace kwanar da ba ka ganin bayanta. Inda hanya ta matse, mai saukowa ne yake ba mai hawa hanya. Cikin hazo ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawowa ido ne kawai. Ka sa ran haɗuwa da shanu da manyan motocin katako. Kuma kada magariba ta same ka a kan dutsen, ko hawa ko sauka.

In kun huta, gonar shayi ta Kakara ta cancanci a kai amarya. Chappal Waddi kuwa, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki tare da ja-gora, ba yawon amarci ba.

Tambaya: In mai gidan ba Musulmi ba ne, yaya zan yi da abinci da salla ba tare da na ɓata masa rai ba? *Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari*

Amsa: Alhaji, faɗa tun kafin ka zo, a cikin saƙon da kuka yi ciniki. Masu irin waɗannan gidaje sun saba saukar Musulmi, abin da ba sa so shi ne a dafa a kawo sannan a ture. Karin kumallon can bai cika wuce shayi da biredi da ƙwai da soyayyen dankalin Turawa ba, wani gidan da kunun acha ko gwate. Duk babu matsala. Inda za ka tambaya shi ne nama da tsiran gwangwani. Ka ce a bar maka ƙwai da kayan lambu, ko ka sayo nama wajen mahautan kasuwa ka ba su. In gidan ana dafa naman alade, ka roƙa a ware maka kasko da mai.

Ka tambayi lokacin karin. Yawanci tsakanin bakwai da tara ne, bayan nan an ɗauke. Mai sammako ko mai azumi ya faɗa tun dare a zuba masa shayi a filas, a dafa ƙwai a ajiye.

Ga wani abu da baƙi suke mantawa: gidaje da yawa suna kulle ƙofa su saki karnuka da dare. Kada ka fito da asuba za ka masallaci ka yi kiciɓis da su a tsakar gida. Ka shaida wa mai gida ko maigadi tun dare ƙarfe nawa za ka fita. Buta da darduma ka taho da naka. Alƙibla gabas ce mai ɗan karkata arewa, wayarka za ta nuna maka. Ruwan alwala na asuba ka ajiye mai ɗumi a filas ka sirka. A mazhabar Malikiyya tafiyar ta kai ta ƙasaru, matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba.

In za ka yi amfani da hitar nan ta tsomawa a bokiti, nemi izini. Tana jan wuta sosai, a gidan da ke kan sola tana iya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Kuma a zare ta daga soket kafin a sa hannu a ruwan. Ruwan sha, in ba na roba ba ne, a bar shi ya yi ta tafasa minti ɗaya cur. A kan tudu ruwa yana tafasa tun a digiri 95 ko 96, wanda ya isa kashe ƙwayoyin cuta, sai dai wake da shinkafa sukan ɗan ƙara jimawa a wuta.

Tambaya: 'Yata tana da sikila. Za ta iya zuwa? *Wata malama, Rijiyar Zaki*

Amsa: Malama, likitanta ne zai yanke, ki je masa kafin ki biya kuɗin ɗaki. Ciwon tsauni da ake ji, na ƙarancin iska, yawanci daga mita 2,500 yake farawa, don haka mai lafiya ba ya jin komai a Jos ko Gembu. Mai sikila daban ne: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya da raguwar iska duk suna iya tayar da ciwon, ga shi a gari mai sanyi yaro ba ya jin ƙishi balle ya nemi ruwa. In likita ya amince, mu Jos za mu zaɓa a kan Mambila, saboda ta fi ƙasa, ta fi kusa, kuma akwai asibitin koyarwa na jami'a a garin. Ki riƙa ba ta ruwa a kai a kai, babu wanka da ruwan sanyi, babu hawan duwatsun Shere, magungunanta da katinta na asibiti a jakar hannunki.

Tambaya: Wace tsaraba ce take jure hanya zuwa Kano? *Wata mai karatu, Fagge*

Amsa: Dankalin Turawa da acha da ganyen shayi ba sa ba da wahala. Dankalin a buhun da ke shan iska za a zuba shi, ba leda ba, don a leda gumi yake yi ya ruɓe. A gida a ajiye shi a inuwa, duk wanda bayansa ya yi kore a yar. Kabeji da karas suna kaiwa in ba a bar su a but ɗin mota cikin rana ba. Sitiroberi na Jos shi ne mai rigima: a saye shi safiyar tafiya, kada a wanke, a jera shi a faffaɗan mazubi ba a tara wani kan wani ba, a sa shi a cikin kula mai ƙanƙara a gefe. Da an isa Kano a sa a firji, a cinye cikin kwana biyu.